Ƙuryar Zuciya: Inda Littattafan Hindu da Ilimin Zurfin Zuciya Suka Haɗu, da Inda Suka Raba Hanya

Littafin Bhagavad Gita yana farawa ne da mutumin da jikinsa ya mutu ana gab da gwabza yaƙi. Arjuna, barden da babu kamarsa a harbin baka, ya ce wa Krishna, wanda ke riƙe masa da linzamin keken dokinsa na yaƙi, ya kai shi tsakanin rundunonin biyu a filin Kurukshetra ya ga waɗanda zai kara da su. Da ya ɗaga ido sai ya ga kakansa Bhishma da malaminsa Drona, ga kawunnai, ga surukai, ga 'yan'uwan da suka tashi tare. Babi na farko ya lissafa abin da ya same shi dalla-dalla: gaɓoɓinsa suka saki, bakinsa ya bushe, jikinsa ya hau rawa, tsigar jikinsa ta tashi, fatarsa ta ɗau zafi, bakan ya suɓuce daga hannunsa, kansa na juyawa. Sai da jiki ya gama wannan kafin baki ya buɗe. Daga nan ya shiga jero hujjoji: zuri'a za ta ƙare, al'adun gida za su lalace, magabata za su rasa mai yi musu sadaka. Krishna ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce masa maganarsa ta masu hikima ce, amma makokin da yake yi ba nasu ba ne.

Duk wanda ya san ilimin zurfin zuciya zai gane wannan jerin: jiki ya fara nunawa, zuciya ta riga ta yanke hukunci a ɓoye, sannan hankali ya zo daga baya yana ƙera dalilai masu kyan ji. Ernest Jones, almajirin Sigmund Freud, ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a a 1908. Irin wannan kamanni ya sa fiye da shekara ɗari ana ta jera littattafan Hindu kusa da ayyukan Freud da Carl Jung. Kamannin gaskiya ne, kuma ya fi yadda ake zato zurfi. Amma hanyoyin biyu sun yi tafiya tare ne zuwa wata mararraba, kuma yawancin ɓarnar da ke samun masu neman gyaran zuciya tana faruwa ne saboda ba su lura da mararrabar ba.

Ilimin zurfin zuciya suna ne da Eugen Bleuler, shugaban asibitin masu taɓin hankali na Burghölzli a birnin Zurik, ya raɗa wa duk wata hanyar nazari da ta yarda cewa akwai ɓangaren zuciya da mai ita bai san da shi ba, kuma ɓangaren nan yana juya shi. A kwatanta da gida: abin da mutum ya sani game da kansa shi ne zaure, inda ake karɓar baƙi a zauna a yi magana a tsanake. Can ciki akwai ƙurya, inda aka jibge abin da ba a son gani, da abin da aka manta, da abin da ba a taɓa buɗewa ba. A wurin Freud kayan ƙurya galibi sha'awa ce da fushi da tsoron ƙuruciya da aka danne. Jung, wanda ya raba gari da shi a 1913, ya ƙara da cewa ƙarƙashin ƙuryar kowa akwai wani tushe da 'yan Adam suka yi tarayya a kansa, inda siffofin tatsuniya da na mafarki ke fitowa.

Su kuma littattafan Hindu ba murya ɗaya gare su ba. Uku ne suka fi shiga wannan magana. Akwai Upanishad, waɗanda tsofaffin cikinsu suka girmi Annabi Isa da ƙarnoni. Akwai Gita, baiti 700 a babi 18, cikin doguwar waƙar Mahabharata. Sai Yoga Sutra na Patanjali, gajerun jimloli 195 ko 196, gwargwadon kwafin da aka bi, a kashi huɗu. Hanyar da suka bi suka isa Turai ma ta ratsa ta hannun Musulmi. Al-Biruni ya fassara Patanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11. Yarima Dara Shikoh na daular Mughal ya sa aka mayar da Upanishad kusan hamsin zuwa Farisanci a 1657, daga nan Anquetil-Duperron ya kai su Latin a 1801 da 1802, kuma wannan fassarar ce masanin falsafa Schopenhauer ya riƙe, wanda Jung ya karanta tun yana saurayi. Aƙidar da ke ƙarƙashin littattafan, kamar sake haihuwa bayan mutuwa da kaɗaitar ruhi da asalin halitta, ta saɓa wa abin da yawancin masu karanta Hausa suka yi imani da shi, kuma babu amfanin a ɓoye hakan. Abin da ake dubawa a nan shi ne yadda suka siffanta aikin zuciya, domin a wannan fanni sun yi lura ta gaske.

Iri a ƙarƙashin ƙasa

Patanjali ya ce babu wani aiki ko ji ko tunani da ke wucewa bai bar alama ba. Alamar ita ce samskara. Idan alamomi iri ɗaya suka taru suka zama karkata, ana kiranta vasana. Sannan ya lissafa cututtukan zuciya biyar da ya kira klesha: jahilcin ɗaukar mai gushewa a matsayin dawwamamme, da jin "ni ne", da kwaɗayin abin da ya taɓa yin daɗi, da ƙin abin da ya taɓa yin ciwo, da manne wa rayuwa don tsoron mutuwa. Abin da ya fi amfani shi ne jimlar da ta biyo baya, ta 4 a kashi na biyu, inda ya ce kowace klesha tana iya kasancewa a ɗaya daga cikin hali huɗu: tana barci, ko ta sirance, ko wani abu ya katse ta na ɗan lokaci, ko tana cin kasuwarta a fili.

Wannan rabe-raben yana warware ruɗu mai yawa. Mutumin da ya shekara biyu bai yi fushi ba yana iya ɗauka ya rabu da fushi, alhali abin da ke tsokano shi ne bai zo ba. Fili da rani yakan yi fes kamar ba a taɓa ganin ciyawa a cikinsa ba, ruwan farko kawai yake jira. Fushin da ya yi barci daban, wanda aka sirantar da shi ta hanyar horo daban, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Sharhin Vyasa a kan Patanjali ya ce mafita ita ce a ƙone irin, domin ƙwayar da wuta ta taɓa ba ta ƙara tsiro ko da an binne ta a ƙasa mai dausayi.

Jung ya isa kusa da wannan wuri ta hanyar gwaji. A Burghölzli yakan karanta wa mutum kalmomi 100, ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya faɗi kalmar farko da ta zo masa, shi kuma yana riƙe da agogon awo yana rubuta tsawon jinkirin. A kan "tebur" ko "kore" amsa takan fito nan take. Sai a zo kan wata kalma, a ce "aure" ko "kuɗi", mutumin ya yi shiru, ya maimaita kalmar, ya yi dariyar da ba ta da dalili, ko ya ce bai ji ba. Bayan an gama sai a sake bin jerin a tambaye shi abin da ya amsa ɗazu, kuma a daidai waɗannan kalmomin ne yake mantawa. Jung ya kira abin da ke ƙarƙashin jinkirin ƙulli: tarin tunani da ji da suka ɗaure a kan wani tsohon ciwo, suna aiki ba da izinin mai su ba. Freud kuwa, a wata maƙala ta 1914, ya ce abin da mutum ya kasa tunawa, aikata shi yake yi a maimaice ba tare da ya san maimaici yake ba.

Bambancin farko yana nan. Ga Patanjali samskara na iya fitowa daga rayuwar da ta gabata, don haka bai damu da a binciko tarihin kowace ɗaya ba. Babu mai iya ƙirga su, a ƙone su gaba ɗaya ta hanyar horo. Ga mai ilimin zurfin zuciya kuwa tarihin shi ne maganin: wa ya faɗa maka wannan, kana shekara nawa, me ka yi da abin da ka ji a ranar.

Sarƙar da Gita ta zayyana

A babi na 2, baiti na 62 da 63, akwai jerin da ya cancanci a bi shi a hankali. Mutum ya yi ta juya wani abu a ransa. Daga juyawar sai shaƙuwa ta ƙullu. Daga shaƙuwa sai buƙata. Buƙatar da aka tare ta zama fushi. Fushi ya haifi ruɗewa. Ruɗewa ta dagula tunawa, mutum ya manta ko shi wane ne da abin da ya riga ya koya. Daga nan basira ta tafi, sai faɗuwa. Mataki takwas ke nan.

A ɗauki ɗan kasuwar da ƙanensa ya buɗe shago da ya fi nasa. Ranar farko kallo kawai ya yi. Da dare ya kwanta yana ƙirga kwalayen da ya gani an sauke. Bayan mako guda ya san adadin masu shiga shagon ƙanen fiye da yadda ya san cinikin kansa. Sai ya ji dole shi ma ya faɗaɗa, ya nemi bashi aka hana shi. Ranar da ƙanen ya zo gaishe shi, sai ya amsa a daƙile, ya kuma tono wata tsohuwar magana ta gado. A wannan lokacin ya manta shi ya ɗauki nauyin karatun yaron nan, kuma ya yi alfahari da shi. Abin da Gita ke koyarwa a aikace shi ne cewa sarƙar tana da sauƙin yankewa a mataki na farko da na biyu, a daren ƙirga kwalaye. Daga na huɗu zuwa sama mai yankan ma ya riga ya ruɗe. Patanjali ya ba da makami biyu a nan. Ɗaya shi ne a kawo kishiyar mugun tunani a tsaya a kansa, tare da duba inda mugun zai kai mutum. Ɗayan shi ne halaye huɗu da ake renonsu da gangan: zumunci ga mai jin daɗi, tausayi ga mai wahala, murna ga mai kirki, da kawar da kai ga mugu.

Ilimin zurfin zuciya zai yi tambayar da Gita ba ta tsaya a kanta ba. Shaguna nawa ne a kasuwar suka fi nasa, me ya sa na ƙanen kaɗai ya hana shi barci? Wataƙila tun suna yara ake cewa ƙaramin ya fi kai, shi kuma babba ya haɗiye, ya zama mai haƙuri da hidima, har shi kansa ya yarda ba shi da hassada. Jung ya kira wannan ɓangaren da mutum ya ƙi amsa cewa nasa ne inuwa. Alamarta ita ce martanin da ya fi ƙarfin abin da ya jawo shi, da kuma ganin laifin a jikin wasu: wanda bai yarda yana da hassada ba, kullum gani yake ana yi masa hassada. Shankara, babban malamin Vedanta (makarantar falsafar da aka gina a kan Upanishad) na wajen ƙarni na 8, ya gina bayaninsa a kan abin da ya kira adhyasa, wato ɗora siffar wani abu a kan wani, kamar mai tafiya da magariba ya ga igiya ya zabura yana cewa maciji. Tsoron gaskiya ne, bugun zuciyar gaskiya ne, macijin ne babu. Sai dai Shankara yana magana ne a kan kuskure guda da ya game komai, na ɗaukar jiki da tunani a matsayin ainihin kai. Jung kuma yana bin macizan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar daga wane rami kowanne ya fito.

Mutane da yawa suna zaton littattafan Hindu danne sha'awa suke koyarwa. Gita da kanta ta rushe wannan zaton. A babi na 3, baiti na 6, ta kira wanda ya ɗaure gaɓoɓinsa ya zauna alhali zuciyarsa na can tana lasar abin da ya bari da munafuki. A baiti na 33 ta ce ko mai ilimi ɗabi'arsa yake bi, to me dannewa za ta yi? Girindrasekhar Bose, likitan Kalkata da ya kafa ƙungiyar masu bin hanyar Freud a Indiya a 1922, a kan batun dannewa ya yi digirinsa na dakta, ya yi shekaru yana musayar wasiƙu da Freud yana ja da shi a kan wasu ra'ayoyi, ya kuma rubuta sharhin Gita da harshen Bengali. Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne cewa tsakanin aikata abin da zuciya ta raya da tura shi ƙurya akwai hanya ta uku: a ga abin, a kira shi da sunansa, a bar shi ya tsaya a gaban ido ba tare da an bi shi ba. Upanishad na Mundaka ya kwatanta wannan da tsuntsaye biyu a bishiya ɗaya, ɗaya na cin 'ya'yan, ɗayan na kallo kawai.

Mararraba

A kan tsuntsu na biyu aka rabu. Jung ya ari kalmar atman, wato ruhi ko ainihin kai a Upanishad, tun a littafinsa na 1921 a kan nau'o'in halayen mutane, ya kwatanta ta da abin da ya kira cikakken kai, wato tsakiyar da ta haɗa zaure da ƙurya. Burinsa shi ne "ni" ɗin mutum ya yi ƙarfi ya faɗaɗa har ya iya karɓar kayan ƙurya, ya san shi ba mai gidan gaba ɗaya ba ne, amma ya ci gaba da tsayawa da ƙafarsa. Aikin ba ya ƙarewa, kuma wahala ba ta gushewa. Ma'ana take samu. Vedanta ta Shankara da Yoga ta Patanjali kuwa sun sa jin "ni ne" cikin jerin cututtuka. A wurinsu tunani da hankali da ƙuryar kanta duk abin kallo ne, kuma mai kallon ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Burin shi ne 'yanci cikakke, wanda suke kira moksha ko kaivalya.

Jung bai yarda hakan mai yiwuwa ba ne. Ya ce in babu "ni" da zai ce na sani, to babu sani, don haka samadhi, ƙololuwar natsuwar yoga, faɗawa ce cikin rashin sani. Freud ya riga shi da makamancin wannan: marubucin Faransa Romain Rolland, wanda ya rubuta tarihin malaman Hindu Ramakrishna da Vivekananda, ya aika masa wasiƙa a 1927 yana siffanta wani ji na narkewa kamar teku, shi kuma a littafinsa na 1930 ya fassara shi da saura daga jin jariri kafin ya bambanta kansa da duniya. A nan ina ganin dukansu biyu ba su yi wa littattafan adalci ba. Upanishad na Mandukya, mai baiti 12 kacal, ya ware hali huɗu: farke, mafarki, barci mai nauyi, da na huɗu, kuma ya fito fili ya bambanta na huɗun da barci mai nauyi. Patanjali ma ya sa barci cikin motsin zuciya biyar da ake son su lafa. Mutum na iya musun cewa halin na huɗu yana samuwa, amma ba zai ce masu littafin sun rikita shi da suma ba, domin sun ga wannan ruɗun tun da wuri sun yi masa shinge. Haka kuma mai bautar Krishna, wanda abin bauta ne a wurin Hindu, ba ya ɗaukar sa a matsayin siffar da ta fito daga ƙuryar zuciya, kuma malamai irin su Ramanuja da Madhva ba su ma yarda da narkewar ruhi ba. Mayar da addinin mutane ilimin halayya zalla rage shi ne.

Amma a gargaɗinsa Jung yana da gaskiya. A 1932 ya gabatar da laccoci a kan yogar kundalini, wadda ke neman tayar da wani ƙarfi da ake cewa yana kwance a ƙasan gadon baya, a Zurik tare da Wilhelm Hauer, Bajamushe masanin al'adun Indiya. A 1936 ya rubuta a mujallar Prabuddha Bharata cewa Bature ya yi nazarin yoga amma ya yi hattara da kwaikwayonta. A ƙarshen 1937 ya tafi Indiya, jami'o'in Allahabad da Banaras da Kalkata suka karrama shi, ya kuma ƙi zuwa wurin mashahurin malamin Hindu Ramana Maharshi a Tiruvannamalai. Dalilinsa na cewa matsalar ta Turawa ce kaɗai bai tsaya ba. Abin da ya hango, na mutum ya ɗauki matakin ƙarshe na wata hanya don ya tsallake matakin farko, yana samun kowa.

Yadda abin ke lalacewa

Mafi yawan lalacewa ita ce wadda masanin halayya John Welwood ya raɗa wa suna a farkon shekarun 1980: amfani da ibada ko zaman natsuwa don kauce wa ciwon da ba a warkar ba. Mutum ya karanta cewa shi ba jiki ba ne, ba tunani ba ne, sai ya samu mafaka. Matarsa ta yi ƙorafi, ya ce duk mafarki ne. Mahaifinsa ya rasu, bai zubar da hawaye ba, ya ce ya wuce nan. A harshen Patanjali klesharsa katsewa ta yi, ba ƙonewa ba. Ana gane bambancin ta hanya mai sauƙi: rashin manne wa abu na gaske yana barin mutum da ɗumi, yana jin ciwon wasu, yana biyan haƙƙi; na bogi yana sa shi sanyi da nisa, kuma na kusa da shi ne ke fara ji a jikinsu. Littafin dokokin Manu ya ce sai mutum ya biya bashi uku, na malamai da na magabata da na alloli, sannan ya juya ga neman 'yanci, wanda kuma ya nema kafin ya biya ƙasa zai yi. Tsarin Hindu na matakan rayuwa huɗu ya sa zaman gida da iyali kafin ficewa daji. Jung ma ya ce aikin juyawa ciki na rabin rayuwa na biyu ne, daga wajen shekara 35 zuwa 40, bayan mutum ya kafa sana'a da gida.

Ta biyu ita ce kumburi. Jimlar nan ta Upanishad na Chandogya, da uba ya yi ta maimaita wa ɗansa Shvetaketu cewa shi ne wancan asalin, idan ta faɗa kunnen da bai shirya ba, "ni" ɗin da aka so ya sauka shi ne zai hau karaga. Mutum ya ɗan ga haske a zaman natsuwa, ko ya yi mafarkin da ya tabbata, sai ya fara ganin kansa zaɓaɓɓe, ya daina karɓar gyara. Patanjali ya keɓe kusan kashi na uku gaba ɗaya yana lissafa baiwar da ake cewa mai yoga na samu, sannan ya ce cikas ne ga samadhi. Don kauce wa wannan ne ya jera gaɓoɓi takwas, ya sa biyu na farko su zama hali: kada ka cutar, kada ka yi ƙarya, kada ka yi sata, ka kame kanka, kada ka tara, sannan tsafta, wadatar zuci, juriya, nazarin kai da miƙa wuya. Zama da sarrafa numfashi sai a na uku da na huɗu, tattara hankali sai a na shida. Shankara ya gindaya sharaɗi huɗu kafin a karɓi ɗalibi, cikinsu akwai natsuwa da kamun kai da haƙuri. Kwas ɗin kwana goma da ke farawa daga mataki na shida ya zubar da rabin littafin.

Ta uku a jiki take. Gopi Krishna, ma'aikacin gwamnati daga Kashmir, ya shekara 17 yana zaman natsuwa kowace asuba. A Disambar 1937, yana da shekara 34, ya ji wani abu ya taso daga ƙasan gadon bayansa zuwa kai. Abin da ya biyo baya watanni ne na rashin barci, ƙin abinci, zafi kamar wuta a ciki, da tsoron haukacewa, kuma ya yi shekaru kafin ya daidaita. Abin da ya ce ya taimake shi shi ne ɗan abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci da kulawar matarsa. Labarinsa ya fito a 1967 da sharhin James Hillman, ɗaya daga cikin manyan almajiran makarantar Jung. Gita ta riga ta ce yoga ba ta mai cin abinci da yawa ba ce, ba kuma ta mai ƙin ci ba. Ba ta mai yawan barci ba, ba ta mai hana ido barci ba. Patanjali ya lissafa cikas tara, daga rashin lafiya da kasala zuwa ganin abin da babu, ya kuma ba da alamu huɗu da ke rakiyarsu: ciwo, ƙuncin rai, rawar jiki, da rikicewar numfashi. Shawarar da ta dace ga mai farawa ita ce zama gajere, minti 15 zuwa 20 a rana a lokaci ɗaya, ba tare da riƙe numfashi ba, a kuma ƙara a hankali cikin watanni. Idan barci ya ragu kwana biyu ko uku a jere kuma mutum bai ji gajiya ba, ko ya fara jin muryoyi, ko ya ji duniya ta zama kamar hoto, ko wani tsohon tashin hankali ya riƙa dawo masa kamar yanzu yake faruwa, to a dakata da zaman, a ci abinci, a yi aikin hannu, a shiga mutane, a ga likitan ƙwaƙwalwa. Mai tarihin taɓin hankali a kansa ko a danginsa kada ya shiga doguwar halwa sai da sanin likitansa.

Akwai kuma batun malami. Abin da Freud ya gano, cewa majiyyaci yakan ɗauko son da tsoron da yake yi wa iyayensa ya ɗora wa mai yi masa magani, yana faruwa ninki-ninki tsakanin almajiri da guru, wato malamin ibada. Likitan ƙwaƙwalwa J. S. Neki ya rubuta a 1973 cewa wannan alaƙar ta fi dacewa da majiyyatan Indiya fiye da nesa-nesan Turawa, masanin halayya Sudhir Kakar ma ya nuna yadda take warkarwa. Matsalar ita ce mai maganin zamani an horar da shi ya gane ɗorawar, yana da mai duba aikinsa, kuma ana sa ran wata rana a rabu. Guru kuwa sau da yawa babu wanda ke samansa. Malamin da ke raba almajiri da danginsa, ko ya hana tambaya, ko ya nemi sirri a kan kuɗi da jiki, a guje shi ko da me yake iya nunawa.

Shi ma ilimin zurfin zuciya yana da raminsa, kuma Gita ce ke da igiyar fitarwa. Freud yakan ga majiyyaci sau shida a mako. Mutum na iya shekara goma yana tonon ƙuruciyarsa, ya iya bayanin kowane ƙulli, halinsa kuma bai motsa ba. Jung ya lura da haka, shi ya sa yakan rage ganawa zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, ya kuma dakatar da ita bayan kamar mako goma don mutum ya koma rayuwarsa. Gita ba ta bar Arjuna ya zauna yana nazarin kansa ba. Ta ce aiki naka ne, sakamakon ba naka ba. Ka yi abin da ya hau kanka da kyau, ka saki abin da zai biyo baya. Da Arjuna ya ce kama zuciya ya fi kama iska wuya, Krishna bai musa ba, ya ce da maimaici da sakin kwaɗayi ake yi. Patanjali ya ƙara sharaɗi uku ga maimaicin: dogon lokaci, babu yankewa, kuma da girmamawa. Sai dai a kula da kalmar svadharma, wadda Gita ke nufi da abin da ya hau kan mutum, da littattafan gyaran kai na zamani ke fassarawa da "abin da zuciyarka ke so". A babi na 18 an ɗaure ta da rabe-raben al'umma huɗu na haihuwa, kuma a kan wannan ne B. R. Ambedkar, jagoran waɗanda tsarin ya danne a Indiya, ya soki littafin da zafi, yayin da Gandhi ya karanta yaƙin a matsayin wanda ake yi a cikin zuciya. Duk wanda ya ɗauki kalmar da sabuwar ma'ana, ya san cewa shi ya sabunta ta.

A ƙarshen babi na 18 Krishna ya ce wa Arjuna ya yi tunani a kan duk abin da ya ji, sannan ya yi yadda ya ga dama. Arjuna ya amsa cewa ruɗewarsa ta gushe, tunawarsa ta dawo, ya ɗauki bakansa. Can gaba a Mahabharata, a littafi na 14, bayan an gama yaƙi an binne na binnewa an ƙone na ƙonewa, su biyun suna zaune a fada sai Arjuna ya ce wa Krishna duk abin da ya faɗa masa a filin daga ya fice masa daga kai, ya roƙe shi ya maimaita. Krishna ya nuna ɓacin ransa, ya ce ba zai iya sake faɗarsa kamar yadda ya faɗe shi a ranar ba, sannan ya koma ya fara koya masa daga tushe ta hanyar wasu tsofaffin labarai. Wannan sashen shi ake kira Anugita.